Waya kaɗai gare ni: ta ina zan fara koyon zane da haɗa bidiyo?

Ummita: Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina aji biyu a sashen koyon aikin jarida, kuma akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. An ba mu jinga a wannan zangon: kowa ya ɗauki batu ɗaya, ya rubuta shi labarin jarida, ya mai da shi rahoton rediyo na minti biyu, sannan ya yi masa fosta da gajeren bidiyo. Na zaɓi matsalar ruwan sha a unguwarmu. Rubutun bai ba ni wahala ba. Amma fostar da na haɗa a manhajar zane ta Canva, da malaminmu ya duba sai ya ce ido bai san inda zai fara sauka ba, in je in sake. Waya kaɗai gare ni, kuɗin da na tara bai kai na kwamfuta ba. In haƙura sai na sayi kwamfuta in shiga koyon manhajar zane ta CorelDRAW, ko akwai abin da zan iya da wayar nan? Mako biyu ya rage.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata shida a shagon buga takardu, bari in gaya miki abin da na gani da idona. In kina son ki ci abinci da sana'ar nan a garuruwanmu, babu makawa sai kin iya Corel, don da shi yawancin shaguna suke aiki. Katin ɗaurin aure, kalanda, fostar 'yan siyasa, rasit, duk a kansa ake yi. Kullum ɗalibai suna zuwa mana da abin da suka haɗa a waya, yana ta sheƙi a fuskar waya, da an buga sai kalar ta dusashe, su ce mu muka lalata musu aiki. Ba mu ba ne. Waya da haske take haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK. Akwai shuɗi mai walƙiya da kore shar da tawada ba za ta taɓa fitar da su yadda waya take nunawa ba.

Bazazzagi: Yaya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma ba shi ne ciwon Ummita ba. Malaminta bai ce kalar ta dusashe ba, cewa ya yi ido ya rasa masauki. Wannan ko an ba ta kwamfutar da ta fi kowace tsada, abin da za ta haɗa ke nan. Ni ɗalibin zane ne a Zariya, kuma mun daɗe muna fama da fensir da takarda kafin mu taɓa kwamfuta. Ummita, salon haruffa nawa kika sa a fostar? Kala nawa? Hoto nawa?

Ummita: Salon haruffa huɗu ne. Kala kuma akwai shuɗi saboda ruwa, da ja, da ruwan ɗorawa, da kore. Hotuna biyar. Sai kuma sakin layi biyu na farko na labarin da na ɗora a tsakiya.

Bazazzagi: To ga matsalar nan. Kin tara mutum goma a ɗaki kowa yana ɗaga murya. Ajiye wayar tukuna. Ɗauki takarda ki ninka ta huɗu, ki zana fostar sau huɗu da biro, ƙanana, ba sai sun yi kyau ba. A kowace ki tambayi kanki: mai wucewa a kan babur, me zai fara gani? In ya rage gudu, me zai gani na biyu? In ya tsaya, me zai karanta na uku? Abu na farko ya zama babba ƙwarai, na biyu matsakaici, na uku ƙarami. Hoto ɗaya tak. Salon haruffa ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kuma ki bar fili. Mu ɗalibai muna tsoron fili kamar asara ne, sai mu cusa fure ko tauraro a duk inda muka ga sarari, alhali filin nan shi yake tura ido zuwa ga saƙon.

Anti Bilki: Ni inda na tsaya shi ne inda kika ce rubutun bai ba ki wahala ba. Ƙanwata, kada ki ji haushi, amma ina zargin a nan gizo yake saƙar. Kin ɗauko sakin layi biyu na jarida kin ɗora a fosta. Ina kyautata zaton su ɗin kika karanta a rahoton rediyon ma. Haka ne?

Ummita: Haka ne Anti. Na ɗan rage tsawonsu dai.

Anti Bilki: Shekarata goma sha ɗaya ina shirya shirye-shirye a rediyo, kuma duk ɗalibin da aka turo mana koyon aiki da wannan yake fara tuntuɓe. Mai karanta jarida in jimla ta shige masa duhu zai koma baya ya sake karantawa. Mai sauraro ba shi da wannan damar, yana tuƙi ko tana tuƙa tuwo, abin da ya wuce ya wuce. A jarida za ki iya rubuta: "Mazauna unguwar, waɗanda suka shafe watanni ba tare da ruwan famfo ba, sun koka da yadda farashin jarka ya tashi a hannun 'yan ga-ruwa." Karanta shi da ƙarfi ki ji inda numfashinki zai yanke. A rediyo sai ki fara da ƙarar jarkoki a bakin burtsatse, sannan ki ce: "Asuba ce, amma layi ya riga ya kai bakin masallaci. Famfon unguwar nan ya daɗe da ƙafewa." Sai ki saki muryar mai ga-ruwa ya faɗi farashin da bakinsa. A fosta kuwa kalma huɗu ko biyar sun isa. A bidiyo, abin da hoto ya riga ya nuna kada bakinki ya maimaita shi. Labari ɗaya ne, amma sau huɗu za ki rubuta shi, kuma wannan ne ainihin abin da jingar take son ki koya. Ki riƙe agogo ki karanta da ƙarfi, ki san kalma nawa bakinki yake ci a minti ɗaya, don kowa da saurinsa.

Ɗan Fagge: Anti na yarda. Amma ku malaman rubutu da zane kuna mantawa da cewa in ta gama makaranta ba takarda da biro mai aiki zai tambaye ta ba. Tambayar farko ita ce wace manhaja kika iya.

Anti Bilki: Tambayar farko ke nan, ta biyu kuma "nuna mini abin da kika yi". A ta biyun ake ɗaukar mutum ko a sallame shi. Ban ce kada ta koyi Corel ba. Na ce mako biyu ya rage mata, kuma waya gare ta.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum daga Nijar. Ummita, ina da tambaya guda: fostar da Hausa kika yi ta? In da Hausa ce, haruffa masu ƙugiya sun fito daidai?

Ummita: Da Hausa ce. Gaskiya da na rubuta ƙ da ɗ sai suka fito da wani salo daban, sun fi sauran siranta, a wani salon ma akwati ne ya fito a gurbinsu. Sai na cire ƙugiyar gaba ɗaya na rubuta k da d.

Ɗan Damagaram: Abin da na ji tsoro ke nan. Yawancin salon haruffan ado Turawa sun ƙera su ne don harsunansu, babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinsu. In manhaja ta nema ta rasa, sai ta aro daga wani salon, shi ya sa suke fitowa kamar baƙi a cikin kalma. Maganin shi ne ki gwada salo kafin ki ƙaunace shi. Ni jimlar gwajina ita ce "Ɗan ƙauye ya ɓoye ƙwarya a ɗaki", da manya da ƙananan baƙaƙe. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su duka, haka ma Charis SIL da Andika da Gentium, kuma duk kyauta ne. Mu a nan muna da ƙarin harafi ɗaya ma, ƴ, inda ku kuke rubuta 'y, don haka mun fi ku shan wannan wahalar.

Abba Sharp: Ni fa ban ga abin damuwa ba a nan. Kowa a Facebook da WhatsApp ba ya sa kugiyar nan kuma ana fahimta. Ina yi wa mutane fosta kusan shekara biyu, babu wanda ya taba dawo min da aiki saboda k ko d. In salo ya yi kyau zan yi amfani da shi.

Malam Na Tsangaya: Abba, bari in ba ka misali daga batun Ummita kanta. Rubuta "sun ɓata ruwa" ba ƙugiya. Me ya fito? "Sun bata ruwa", wanda mai karatu da yawa zai ɗauka "sun ba ta ruwa" ne. Zargi ya koma yabo. Ga "baƙin ruwa" da "bakin ruwa". Ga "ƙasa" da "kasa", ga "ƙafa" da "kafa". A hira tsakaninka da abokinka, abin da ya gabata da abin da ya biyo baya suna warware ma'ana. A kan fosta mai kalma biyar babu mai warwarewa. Kuma ba a dawo maka da aiki ba ne don mutane sun saba da haƙuri, ba don aikin ya cika ba.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san wahalar da aka sha a kan haruffan nan ba. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, masu ɗab'i suke ɗawainiya da su. Da kwamfuta ta zo sai aka koma baya, don babu su a cikinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda marubuta da ɗalibai suka daɗe suna cin gajiyarsu. Dabarar irin waɗannan salon ita ce a ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba a zuba haruffanmu a ciki. Shi ya sa har yau in ka buɗe tsohon kundin digiri a kwamfutar da ba ta da salon, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Yanzu kuwa tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ka rubuta a Kano a karanta a Kumasi ko Khartum yadda ka rubuta. Abin da magabata suka nema da gumi, ku yana cikin aljihunku.

Abba Sharp: Allah ya gafarta Malam, misalin ruwan nan ya kama ni. Amma a wayata ban ma san inda suke ba.

Ɗan Damagaram: In Gboard, wato allon rubutu na Google, kake amfani da shi, shiga wajen harsuna ka ƙara Hausa. In ba ka ga haruffan a fili ba, danne k ko d ko b ka riƙe, za su fito.

Malam Na Tsangaya: Ummita, wani abu kuma. Kada ki ɗauki jingar nan a matsayin mugunta. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta rarraba tsohon kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, ciki har da fim da kafofin zamani, da talla, da hulɗa da jama'a, da watsa shirye-shirye. Amma a wurin aiki abin ya juya: ɗan rahoto ɗaya ake so ya rubuta, ya ɗauki hoto, ya yanka bidiyo. Dubi BBC Hausa, wadda ta fara a 1957 da rediyo zalla. Yau labari ɗaya za ki gan shi a shafinsu, ki ji shi a rediyo, ki gan shi a kati mai hoto a Facebook. Haka Aminiya, haka DW. Ki zaɓi labari ɗaya nasu yau, ki bi shi a duk inda suka sa shi, ki lura da abin da suka cire a kowane wuri. Darasi ne kyauta, kuɗin data kawai.

Bazazzagi: Tunda Malam ya taɓo magabata, bari in faɗi abin da ya daɗe yana damuna. Duk samfurin da ke cikin Canva an tsara shi ne da idon wasu mutane. Shi ya sa fostar maulidi da ta gasar ƙwallo da ta taron ƙungiyar ɗalibai duk suke kama da juna. Alhali mu ba matalauta ba ne a fannin zane. Je ki cikin birnin Zazzau ko Kano ki dubi adon da magina suke yi a fuskar soro. Dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, yadda nauyin aikin yake taruwa a gefe ɗaya amma rigar ba ta karkace a ido ba. Dubi zayyanar da alarammomi suke yi a Alƙur'ani rubutun hannu, kala uku ko huɗu kacal, baƙi da ja da ruwan ɗorawa, wani lokaci da kore. Dubi shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata. Ki shiga masallacin Juma'a na Zariya ki ga bakan gizon rufin da magini Babban Gwani ya ɗaura tun ƙarni na 19. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a kan wannan maganar: a koyi dabarar Bature, amma a ɗebo ido daga gida. Ɗalibai ne kamarmu lokacin.

Anti Bilki: Na ji daɗin wannan, amma in ja kunne. Da an ce "a sa al'ada" sai kowa ya manna dagin Arewa a kusurwa ya ce ya gama. Fostar ruwan sha ba ta bukatar dagi.

Bazazzagi: Ƙwarai Anti, ba manne nake nufi ba. Ina nufin ta koyi yadda mai zayyana yake taƙaita kala, da yadda mai ɗinki yake barin fili a jikin riga. Jarka ruwan ɗorawa a kan shuɗi mai duhu, kala biyu, ta gama. Rubutu fari a kan shuɗin zai karantu daga nesa. Ja a kan kore kuwa kada ta kuskura, yana wahalar da ido, kuma akwai masu larurar gani da ba sa bambance su sosai.

Maman Iman: Ni ba 'yar zane ba ce, na gama karatun lauya ne, amma hotuna biyar ɗin nan daga ina kika samo su?

Ummita: Uku daga Google, biyu ni na ɗauka a bakin burtsatse.

Maman Iman: Na Google ɗin suna da masu su. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shafi hoton da ke intanet kamar yadda ta shafi littafi. In dole sai kin ara, je ki Wikimedia Commons, rumbun hotunan kyauta a intanet, a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta sharaɗin amfani da shi, yawanci ki ambaci mai shi. Amma naki sun fi, don su ne unguwarku. Sai dai ki nemi izinin waɗanda ke ciki. Matar aure a layin ruwa ba lallai ta so fuskarta ta yi yawo a wayoyin mutane ba, yara kuma sai da yardar iyayensu. Sau da yawa hannu riƙe da jarka, ko layin jarkokin kansu ba kowa, ya fi fuska faɗin magana.

Anti Bilki: Sauti kuma, kafin in manta. Mutane suna yafe wa hoto mai ɗan duhu, amma ba sa yafe wa sautin da ba sa ji. Kashe fanka. Jira a kashe janareton maƙwabta. Shiga ɗaki mai labule da katifa, ba falo mai tayil ba, don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga bakinki, a ɗan karkace. In kin je ɗaukar muryar mai ga-ruwa, ki juya wa iska baya, sannan ki ɗauki minti ɗaya na hayaniyar wurin ba mai magana, za ki bukace ta wajen haɗawa. Bidiyon in na WhatsApp ko TikTok ne ki ɗauka a tsaye, 9:16, in na YouTube ne a kwance, 16:9. Ki yanke shawara kafin ki fita, ba bayan kin dawo ba. CapCut ko InShot sun ishe ki yanka, kuma ki sa rubutu a ƙasa don masu kallo ba sauti.

Abba Sharp: To ni tambayata, duk wannan wahalar, ba ga manhajojin AI nan suna haɗa fosta cikin daƙiƙa ba? (Kun ga na samo ƙugiyar.)

Ɗan Fagge: Ana kawo mana su. Hoton ya yi kyau, amma rubutun Hausar da ke ciki sau da yawa a hargitse yake, ga shi a manne da hoton ba ya gyaruwa, sai mun goge mun sake bugawa. Kuma mai jarkar da zai zana maka ba ɗan unguwar Ummita ba ne.

Ummita: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe komai a littafi. Zan dawo muku.

Ummita: Salam. Kwana uku ke nan. Na zana ƙananan fostoci takwas a takarda, na zaɓi ɗaya. Na koma bakin burtsatse da sassafe na ɗauki layin jarkoki daga ƙasa, ba fuskar kowa. Shuɗi mai duhu, rubutu fari da Noto Sans, kanun kalma huɗu: "Famfo ya ƙafe. Yaushe?" Rahoton rediyon na sake shi sau uku, yanzu minti biyu da daƙiƙa goma ne, ina neman abin da zan cire. Ga fostar na turo.

Bazazzagi: Ma sha Allah, sama da ƙasa. Abu biyu: sunanki da lambarki sun matse a gefe, ja su ciki kaɗan. Kuma "Yaushe?" ɗin bai gaya mini yaushe me ba. Yaushe ya ƙafe, ko yaushe za a gyara?

Anti Bilki: Ni ma nan na tsaya. Gwada "Sai yaushe?" ki ji. Daƙiƙa goman kuma duba gabatarwarki, na tabbata kin gaishe da masu sauraro sau biyu. Turo mini muryar ta akwatina in saurara da daddare.

Ɗan Fagge: Wadda kika turo nan WhatsApp ya matse ta, in aka buga a A3 za ta farfashe. Ki sauke ta a matsayin PDF na bugawa, ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ki turo ta a matsayin fayil ba hoto ba. Shuɗin nan zai ɗan ƙara duhu a takarda, don haka ki sa a buga miki gwaji ɗaya a A4 kafin babbar. Maganar Corel kuma ban janye ba. In an yi hutun zango ki nemi shagon da ke kusa da ku ki riƙa zama ko awa biyu ne a rana, da yardar gida.

Ummita: In sha Allahu Yaya, zan yi wa Baba maganar. Anti, gaskiya ne, gaisuwa biyu ce. Na cire ɗaya, saura daƙiƙa huɗu.